Wai Zuciya Ke Ciwo, Aka Nufi Cinya

Jama'ar ba-mu-yarda-ba! Ku matso kusa, yau ma da ku nake, har da waɗanda a cikinku ba su gama yafe wa Amurkawa zancen zuwa wata ba. Na san kafin in kai ƙarshe wani zai dire kofin shayinsa ya ce, "Malam, ka ji tsoron Allah." To ina jin tsoronsa, shi ya sa zan faɗi magana yadda take: yanzu likitoci suna sauya wa mutum ƙofar zuciyarsa ba tare da sun tsaga ƙirjinsa ba. Ta matsematsi suke shiga, su bi jijiyar jini su haura har zuciya, su dasa sabuwar ƙofa zuciyar tana tsaka da bugawa. Mai zuciyar kuwa sau da yawa idonsa biyu, yana jin hirar da ake yi a kansa. Bayan kwana ɗaya ko biyu ya zura takalminsa ya kama hanyar gida.

Na ji wannan tsakin daga layin baya. Ba sai an faɗa mini ba, Bazazzagi ne. Su dama duk abin da ba a asibitinsu na Shika aka fara shi ba, ƙanzon kurege ne. Yi haƙuri ka zauna, akwai rabonka a gaba, har da wurin da zan ce ka yi gaskiya.

Zuciya ɗaki huɗu gare ta da ƙofa huɗu, waɗanda ma'aikatan asibiti ke kira bawul. Su buɗe jini ya wuce, su rufe kada ya dawo, sau wajen dubu ɗari a kowace rana, ba Juma'a ba Lahadi. Idan ƙofa ta lalace, ko dai ta tsuke jini ya riƙa kutsawa da ƙyar, ko ta kasa rufuwa ya riƙa komawa baya. Wadda ta fi ba tsofaffi wahala ita ce ta bakin babbar jijiyar da ke raba jini ga jiki duka. Shekaru na tafiya, sinadarin kalsiyam yana taruwa a marafanta har su sandare. Sai ka ga dattijo ya fara tsayawa sau biyu tsakanin gida da masallaci yana mayar da numfashi, ƙirji na matse shi, wata rana jiri ya kayar da shi a bakin ƙofa, 'ya'ya su ce tsufa ne. Idan tsukewar ta yi tsanani har alamun nan suka bayyana, kuma ba a yi aiki ba, kusan rabin masu ita ba sa wuce shekara biyu. Babu ƙwayar da ke narkar da wannan ƙanƙara, balle jiƙon da ake talla da lasifika a tasha.

Da can hanya ɗaya ce, kuma ba ta masu raki ba ce. A yi maka allurar barci, a sa zarto a raba ƙashin ƙirji biyu, a juya jininka zuwa wani inji da zai riƙe aikin zuciya da huhu, a tsayar da zuciyar cak, a yanke tsohuwar ƙofa a ɗinka sabuwa, a tayar da zuciyar, a ɗaure ƙashin da waya. John Gibbon ya fara cin nasara da wannan inji a Amurka a 1953, Albert Starr ya dasa ƙofar roba da ƙarfe a 1960, mu kuma a Najeriya an fara buɗe zuciya a asibitin koyarwa na Inugu a 1974. Aiki ne mai kyau, ya ceci rayuka masu ɗimbin yawa, har gobe ana yin sa. Sai dai mako guda a gadon asibiti da wata biyu ana lallaɓa ƙashi ba abin da ɗan shekara tamanin da biyar mai ciwon ƙoda zai ɗauka ba ne. Irinsu sai likita ya dube su ya ce a koma gida a ci gaba da addu'a.

"To ta yaya cinya ta haɗu da zuciya?" In ji Alhaji na kan benci, wanda tun ɗazu yake girgiza kai. Alhaji, tambayi Sarkin Fawa, zai gaya maka jijiyoyin nan hanya ce a haɗe. Kuma kada ka ɗauka kai ka fara musun. A 1929 wani matashin likita Bajamushe, Werner Forssmann, ya ce za a iya zura siririn bututu daga hannu har cikin zuciya. Maigidansa ya hana shi gwadawa. Sai ya tsaga nasa hannun, ya zura wa kansa bututun kimanin santimita 60, ya taka da ƙafarsa zuwa ɗakin hoto ya ɗauko shaida. Ladar da ya fara samu ita ce faɗa da tsangwama. Sai a 1956 aka kira shi aka ba shi kyautar Nobel.

Kuna da dangi a Turai, ku 'yan musu, kuma manyan furofesoshi ne. A 1989 wani likitan Denmak, Henning Rud Andersen, ya lanƙwasa waya da hannunsa, ya sayo zuciyar alade wurin mahauci, ya ɗinka ƙofarta a jikin wayar, ya matse ta ya zura wa wani aladen ta jijiya. Ta zauna daram, ta kama aiki. Ya rubuta sakamakon ya aika wa manyan mujallun likitoci, suka mayar masa da takardarsa. Sai a 1992 ya samu aka buga. Alain Cribier na garin Rouen a Faransa shi ma ya yi shekaru yana bin kamfanoni da irin wannan shawara suna sallamarsa. Ranar 16 ga Afrilun 2002 aka kawo masa wani mutum ɗan shekara 57 da zuciyarsa ta kusa tsayawa, likitocin fiɗa sun ce ba za su taɓa shi ba. Cribier ya dasa masa ƙofa ta jijiya, jini ya kama gudu nan take, mutumin ya farfaɗo.

Yanzu ga abincinku: mutumin ya rasu bayan kimanin wata huɗu. Na ga fuskarka ta washe, Bazazzagi, ka samu abin kai wa majalisa. Amma ka haɗa da sauran zancen: ciwon jijiyoyin ƙafa da yake fama da shi tun da farko ne ya kai ga yanke ƙafar, ciwon ya ƙi warkewa. Ƙofar tana aikinta har ranar da ya cika.

Bari in shigar da ku ɗakin, tunda gani ya kori ji. Kafin ranar an riga an yi wa majiyyaci hoton sikan, an auna bakin ƙofar da faɗin jijiyoyinsa milimita bayan milimita, don kada a kawo abin da ya yi masa yawa ko kaɗan. Yana kwance, an kashe masa zafin matsematsi da allura, an ba shi abin da zai sa jikinsa ya saki. Likita ya huda jijiya, ya tura siririyar waya, idonsa na kan allo yana kallon tafiyarta: ta bi ta ciki, ta haura ƙirji, ta sha kwanar da babbar jijiya ke yi a saman zuciya, ta leƙa ta tsukakkiyar ƙofar ta faɗa ciki. A gefe guda ma'aikaciya tana shirya sabuwar ƙofa. Ragar ƙarfe ce mai faɗin santimita biyu zuwa uku, an ɗinka mata marafai uku na tantanin dabba. Sai a matse ta kamar lema a naɗe har ta koma kaurin biro, a ɗora ta kan wayar a tura. Da ta isa tsakiyar tsohuwar ƙofa, sai a sa wa zuciya lantarki kaɗan ta riƙa bugawa wajen sau 180 a minti. A irin wannan gudun ba ta samun sararin turo jini da ƙarfi, don haka ba za ta tunkuɗe baƙuwar ba. A hura balan-balan na 'yan daƙiƙoƙi, ragar ta buɗe, ta danne tsofaffin marafan a jikin bango. A sace iskar, a janye, a saki zuciya ta koma tafiyarta. Ba a ciro tsohuwar ƙofa. Ƙanƙarar nan da ta jawo ciwon ita ce ma ke riƙe sabuwar kada ta zame. Akwai wata irin da ba ta buƙatar balan-balan: ƙarfenta yana laushi a ruwan ƙanƙara, a naɗe shi a can, da ya ji ɗumin jini sai ya miƙe ya koma siffarsa. Aikin duka bai cika wuce awa ɗaya da 'yan mintoci ba, abin da za ka nuna wa 'yan dubiya kuma ɗan filasta ne a inda ba a nunawa. Sunan aikin TAVI.

"Gwaji suke yi da mutane," in ji Hajiya. An yi gwajin, Hajiya, an gama, an ƙirga. A 2010 aka fitar da sakamakon wani bincike mai suna PARTNER a kan mutum 358 da fiɗa ta gagare su. Cikin waɗanda aka bari a kan magani, kusan 51 cikin ɗari sun rasu a shekara guda. Cikin waɗanda aka dasa wa ƙofa ta jijiya, kusan 31. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da aikin a 2011 ga waɗanda ba za a iya yi wa fiɗa ba, aka yi ta sassautawa har 2019 da ta buɗe shi ga masu ƙarfin jiki ma. A wannan shekarar an yi wa mutum fiye da dubu 72 a Amurka, adadin da ya zarce na waɗanda aka tsaga don sauya wannan ƙofa. Turawan Yurof kuwa tun 2007 suka ba da izini.

Malam Liman, na ga ka yi gyaran murya tun da na ambaci alade, kuma tambayarka tana kan hanya. Marafan nan daga tantanin da ke lulluɓe zuciyar dabba ake yanko su. Na kamfanin Edwards, mai suna Sapien, na saniya ne. Na Medtronic, mai suna Evolut, na alade ne. Malamai da yawa sun yi sauƙi a inda larura ta kama kuma babu madadi, amma fatawa ba fagena ba ce. Abin da zan ce shi ne ka buɗe baki ka tambayi likita wace iri zai sa maka, ba zai ji haushi ba. Fulani dai sun samu abin tutiya: nagge ta ba da nono, ta ba da nama, yanzu ta shiga zuciyar Bature ta zauna.

Sauran ƙofofin ma an taɓa su. Wadda ke tsakanin ɗakunan hagu biyu, idan tana yoyo, akwai ɗan maƙali mai suna MitraClip da ake shigarwa ta jijiya ya kama leɓɓanta biyu ya haɗa. A 2018 Faransawa suka gwada suka ce ba su ga amfaninsa ba, 'yan makonni bayan haka Amurkawa suka fito da nasu binciken suka ce ya rage mutuwa sosai. Da aka zauna aka duba, ashe majiyyatan ne ba iri ɗaya ba: wanda zuciyarsa ta riga ta buɗe ta saki, maƙali ba ya dawo da ita. Ka ga ko a can ma sai da aka yi irin musunku kafin a gane wa ya dace da shi.

To, ga rabon da na yi muku alkawari. Kun san Kwamando, mai ɗaukar gungumen itace a kafaɗa, Arnold Schwarzenegger. Da nakasar ƙofar zuciya aka haife shi, aka yi masa fiɗa a 1997. A 2018 ya shiga asibiti a Los Anjalis don a sauya masa ƙofa ɗaya ta jijiya, yana ganin sha yanzu magani yanzu ne. Aka samu tangarɗa ana cikin aikin, ya farka ya tarar an tsaga ƙirjin da ya guje wa tsagawa. A 2020 aka sauya masa wata ƙofar a Cleveland, wannan karon ta jijiya kuma lafiya lau, amma a 2024 sai da aka sa masa batirin zuciya. Don haka duk wanda ya ce muku aikin nan kamar cire ƙaya ne, ya yi muku zuƙi ta malle. Cikin mutum ɗari, biyu ko uku kan gamu da shanyewar ɓarin jiki idan ɓarɓashin ƙanƙara ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa. Wajen ɗaya cikin goma kan buƙaci batiri, saboda ragar tana danne hanyar lantarkin zuciya da ke maƙwabtaka da ita. Jijiyar cinya kan yage, jini kan zurara ta gefen ƙofar. Sannan tantanin dabba yana tsufa. Wani bincike a Denmak da ya bi majiyyata shekara goma ya ga ƙofar ba ta gaza ta fiɗa ba, amma tsofaffi ne aka bi. Ɗan shekara hamsin da ke fatan ganin jikoki sun yi aure, lissafinsa daban. Shi ya sa ƙa'idar likitocin Amurka ta fi karkata ga fiɗa idan mutum bai kai 65 ba.

Sai kuɗi. Ƙofar kaɗai, ban da gado da hoto da ladan likita, ta kai wajen dala dubu 30 a Amurka. Ku buga a naira, ni hawan jinina ba zai bari ba. Indiyawa sun ƙera tasu mai suna Myval da ta fi sauƙi, amma sauƙin nan na masu zuwa Delhi duba lafiya ne, ba na mai jiran albashi ba.

Da a nan kuka kafa musunku da na sara muku. Kun tsaya kuna gardamar ko cinya tana kaiwa zuciya, kun bar tambayar da ta fi kowacce: wannan ƙofa ta dala dubu talatin, ciwon wa aka ƙera ta ta warkar? Na tsohon Bature ne da ya kai tamanin. Mu abin da ya fi lalata mana ƙofofin zuciya yana farawa ne daga maƙogwaron yaro ɗan firamare. Wata ƙwayar cuta ce ke kama wuya, ga zazzaɓi ga wahalar haɗiya. A gidaje da yawa sai a ce hakin wuya ne, a kira wanzami ya zo da zabirarsa, a danne yaro a yanke beli, a ba shi kunu mai zafi. Bayan kwana uku wuya ya lafa, wanzami ya ci suna. Bayan mako biyu ko uku sai gwiwa ta kumbura, gobe ta saki ta koma idon sawu, jibi gwiwar hannu. A ce sanyi ne, ko yaron ya taka sawun wani abu. Alhali sojojin jikinsa ne, da suka tashi yaƙar ƙwayar cutar, suka rikice suka afka wa gaɓoɓinsa da ƙofofin zuciyarsa. Gaɓoɓi suna warkewa. Ƙofa kuwa tabo take yi, duk dawowar ciwon wuyan tabon ya ƙaru. Ba za a gane ba sai yarinya ta girma ta yi aure ta ɗauki ciki, jini ya ƙaru a jikinta, tsukakkiyar ƙofa ta kasa wucewa da shi. Ta kasa kwanciya sai a jingine da matasai uku, ƙafa ta kumbura, tari ya hana ta barci, dangin miji su fara kallon kishiya.

Sama da mutum miliyan 40 ke ɗauke da wannan ciwo a duniya, yana kashe fiye da dubu 300 a shekara. Wani bincike mai suna REMEDY ya bi majiyyata 3,343 a ƙasashen Afirka 12, har da Najeriya, da Indiya da Yaman. Rabinsu ba su wuce shekara 28 ba, biyu cikin uku mata ne, kuma kusan 17 cikin ɗari sun rasu kafin shekara biyu. Irin ƙofarsu TAVI ba ta cika kama ta ba: yawanci ba ita ce ƙofar da ta lalace ba, in ma ita ce, yoyo take yi, babu ƙanƙarar da za ta riƙe raga. Akwai masu bincike a Cape Town, ƙarƙashin Peter Zilla, da suka daɗe suna ƙoƙarin ƙera wadda za ta dace da irin waɗannan matasa. Allah ya ba su sa'a.

Amma akwai aikin jijiya da ya zama kamar don mu aka yi shi, kuma ya girmi TAVI da shekara ashirin. Wani likitan Jafan, Kanji Inoue, ya ƙirƙiro shi a farkon shekarun 1980. Nan ma ta matsematsi ake shiga, a huda siririn bangon da ke tsakanin ɗakunan sama biyu, a kai balan-balan bakin ƙofar da tabo ya manne, a hura. Mannewar ta rabu, hanyar da ba ta fi santimita ɗaya murabba'i ba ta koma kusan biyu. Ba a dasa komai, ba saniya ba alade, Malam Liman sai ka kwantar da hankalinka. Ana yi wa mai juna biyu idan ciki ya yi ƙwari, ta sauka daga gadon tana numfashi kamar kowa. Sharaɗinsa a zo da wuri, kafin ƙofar ta fara yoyo sosai ko gudan jini ya taru a bayanta. Idan aka makara sai fiɗa, sau da yawa da ƙofar ƙarfe mai ƙas-ƙas a ƙirji kamar yadda masu ita ke ji da dare, da maganin tsinka jini na warfarin har ƙarshen rayuwa, da awon jini a kai a kai, da taka-tsantsan duk lokacin da aka samu ciki. Asibitin Salam da ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a gefen Khartum a 2007 ya yi wa dubban 'yan Afirka irin wannan fiɗa kyauta, sai dai yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya toshe wa mutane da yawa hanya.

Wanda kuma ya fi duka araha, shi ne na san za ku fi rainawa, don ba shi da inji ba shi da allo: fanisilin. Ciwon wuyan nan idan aka yi masa maganin da ya dace, da wuya ya kai ga zuciya. Wanda zuciyarsa ta riga ta taɓu, allurar fanisilin duk mako uku ko huɗu tana hana tabon ƙaruwa. A yankin Gulu na arewacin Uganda an gwada a kan yaran makaranta da hoto ya nuna ciwon ya fara kama su a ɓoye. Bayan shekara biyu, cikin waɗanda ba a yi wa allurar ba, ciwon ya ci gaba a jikin takwas cikin ɗari. Cikin waɗanda aka yi wa, bai kai ɗaya ba. Allurar tana da zafi, wannan kam ban musa ba, ɗuwawu ya san an yi masa.

Don haka Alhaji, Hajiya, Malam Liman, da kai Bazazzagi da har yanzu ba ka warware hannu daga ƙirji ba: ku ci gaba da ƙaryata zancen cinya in kun ga dama, ba zai hana a yi wa wani gobe da safe ba. Amma yaron da ke kukan wuya da zazzaɓi, a kai shi asibiti kafin a aika kiran wanzami. Mai cikin da ba ta iya kwanciya sai a jingine, da dattijon da ke hutawa a hanyar masallaci, a sa likita ya saurari ƙirjinsu, a yi musu hoton zuciya da ake kira eko. Ba huda ba yanka, man shafawa ne mai sanyi da ɗan abin gogawa, ana yi a manyan asibitocin Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai. I, Bazazzagi, har a Shika ana yi, sai ka nemi wata hujjar.